Ƙarnin Kifi a Gidan Auta

A layinsu ba wanda yake kiransa da sunansa na yanka. Baba Tasta kowa ke cewa, saboda ɗan sukudireban gwajin wuta da yake saƙalewa a aljihun gaban rigarsa kamar yadda ma'aikatan ofis ke saƙala biro. Ko gaida mara lafiya zai je, tastar na nan. Tsohuwarsa, wato uwar 'ya'yansa, takan ce ranar da ya cika sai an duba likkafaninsa da kyau, kada ya tafi da ita.

Shekara arba'in da 'yan kai ya yi yana gyaran wutar lantarki a gidajen mutane. Bai yi nisa a makaranta ba, karatunsa bai wuce na lambobin jikin mita da na jikin waya ba, amma waɗannan kam ya haddace su. Gajere ne, mai kaurin yatsu, da tabon ƙuna a tafin hannunsa na dama. Ba shi da yawan magana. Abin da yake da shi tsaki ne. In ya buɗe akwatin wutar gida ya ja gajeren tsaki, to da sauƙi. In ya ja mai tsawo, ya koma gefe ya tofar da yawu, masu gida sun san yau akwai magana.

Kuma ya ga abin tofar da yawu a rayuwarsa. Ya ga waya biyu an ƙulla su kamar igiyar akuya an naɗe da ledar burodi. Ya ga soket da ya narke ya yi baƙi, ana tura masa tsirarar waya ana danne ta da tsinken ashana. Ya buɗe akwatin mita kyankyasai sun zubo masa cikin hannun riga, rabi da rai, rabi a gashe. Ya taɓa samun ɓera ya bushe a tsakanin waya biyu, haƙora a waje, matar gidan kuma a kan akwatin take shanya jiƙaƙƙen tsumman goge-goge. To duk wannan ƙazanta ce, ƙazanta kuwa ana share ta. Abin da ke tayar masa da zuciya har ya kasa cin abinci shi ne abin da mutane ke yi wa fis.

Fis wani ɗan farin tangaran ne da ake cusawa a akwatin da ke gefen mita. A cikinsa akwai waya siririya kamar gashin wutsiyar doki, duk wutar gidan ta cikinta take bi. In aka ɗora wa wayoyin gida kayan da suka fi ƙarfinsu, kafin su yi zafi a cikin bango sai siririyar nan ta tsinke, wuta ta ɗauke, kowa ya yi tsaki, kowa ya tsira.

"Maigadi ce," haka yake gaya wa mutane. "An sa ta ne ta mutu don kada gida ya mutu. In ta tsinke, ku tambayi abin da kuka jona, ba ni ba."

Amma mutanen layin da tasu fahimtar. A wurinsu takalmi mai kyau shi ne wanda ba ya tsinkewa, igiya mai kyau ita ce wadda ba ta tsinkewa, to a kan me fis zai fita daban? Sai aka fara cewa aikin Baba Tasta ba ya ƙarko. Da wani mai gyara ya kafa rumfa a bakin titi, wanda ake kira Yanzu-Yanzu saboda kalmar ba ta barin bakinsa, sai aiki ya koma can. Shi in fis ya tsinke ba ya tambayar kowa komai. Zai ninka wayar tagulla mai kauri sau uku ya ɗaure, in babu waya a kusa ya sa ƙusa. Daga ranar ba a sake nemansa, sai sa albarka.

Baba Tasta bai taɓa zuwa rumfar ya yi masa faɗa ba. Mutane sun ɗauka haƙuri ne. Haƙurin akwai shi, amma akwai wani abu a ƙarƙashinsa. A can ƙasan jakar kayan aikinsa akwai wani tsohon gwangwanin man shafawa, a cikinsa wani guntun tagulla ne a murɗe, baƙi ƙirin. Lokacin yana da ƙuruciya, bai fi shekara biyu da fara cin gashin kansa ba, wani tela ya kira shi. Dutsen guga biyu da keken ɗinki suna ta tsinka masa fis, ga ɗinkin mutane jibge. Tela ya yi ta magiya, shi kuma yana son a ce ya iya, sai ya ninka masa waya mai kauri. Kwana goma sha ɗaya tsakani, da rana tsaka tela ya fita cin abinci, shagon ya kama. Ba a rasa rai ba, amma yadin mutane da keken da rufin maƙwabta duk suka tafi. Wasu suka ce ƙaddara ce, wasu suka ce telan ne ya bar dutsen guga a kunne. Kunya ta sa tela ya bar garin. Baba Tasta kuwa tun toka ba ta gama hucewa ba ya tona ya ciro fis ɗin, a nan ya samu tabon hannunsa. Wayar da ya sa tana nan lafiya lau, ba ta tsinke ba. Bai gaya wa kowa ba, har tsohuwarsa.

'Ya'yansa biyar. Huɗu sun watsu a garuruwa, sai Auta da ke aure a bayan kasuwa, tafiyar rabin awa a ƙafa. Lokacin da suka kama gidan, shi ya ja musu waya da hannunsa: ɗaki biyu, kicin, da wani ɗan lungu tsakanin kicin da ɗakin yara inda mita take. Ya zaɓi wayar daidai da abin da suke da shi, ƙwan fitila shida, fanka biyu, firij ɗaya. Mijin Auta yana da ladabi, bai taɓa gaishe shi a tsaye ba, amma mutum ne mai zafin nema. Ya fara da daskarar da ruwa a firij yana sayar wa masu lemo. Kasuwa ta karɓa, ya sayo firiza. Ya ƙara ta biyu. Kafin shekara ta zagayo manyan firiza uku ne ke gurnani a ƙarƙashin rumfar tsakar gida, duk a jone a soket ɗaya mai baki huɗu, sunansa ma ya koma Mai Ƙanƙara.

Fis ya fara tsinkewa. Sau uku Auta tana kiran babanta a waya, sau uku yana zuwa yana sa siririyar nan tasa. A na ukun ya ja surukin gefe.

"Wayar da ke cikin bangon nan ta ɗaukar kayan jaki ce, ka labta mata na raƙumi. A ja wa firizojin nan layinsu daban da waya mai kauri. Aikin kwana uku ne, ni zan yi."

"To Baba, in Allah ya yarda," in ji suruki, kansa a sunkuye. Amma kwana uku babu ƙanƙara, wannan ba ta shiga kunnensa ba.

Daga nan kira ya ɗauke. Wata ɗaya shiru, wata biyu shiru. Tsohuwa ta ce, "Ka ga ka huta, wutar ta daidaita." Ya san wuta ba ta daidaita don kanta. Sau nawa yana sa takalmi da niyyar zuwa, sai ya tuna gidan suruki ne kuma ba a kira shi ba, ya cire ya zauna.

Wata Talata tsohuwa ta yi sammako ta je duba jikoki, ta dawo da hantsi tana yamutsa fuska. Ta same shi a kan tabarma yana shan shayi.

"Gidan 'yarka wari yake," ta ce. "Sati guda ke nan suna neman mushen ɓera. Sun ɗaga gado, sun fito da kwanuka waje, har da maƙwabciya an yi cacar baki wai kyanwarta ce ke jawo musu ƙashin kifi. Yarinyar nan ta wanke bango da sabulu, ta fesa turare har kaina ya sara. Turaren ya haɗu da abin, sai ya koma wani abu daban."

"Wane irin wari?"

"Ƙarni. Kamar kifin da ya kwana a leda."

Ya ajiye kofin. "A ina ya fi ƙarfi?"

"A lungun mitar nan, jikin ɗakin yara. Kai kuma ina ruwanka da ɓera? Sha shayinka."

Bai ƙara kurɓa ba. Wannan ƙarnin ya san shi kamar yunwar cikinsa. Ba kifi ba ne, ba ɓera ba ne. Robar jikin waya ce in ta fara dahuwa. Ya sa takalmi, wannan karon bai cire ba.

Jikarsa ce ta fara ganinsa, 'yar shekara biyar, wadda yake kira Tsuntsuwa saboda bakinta ba ya hutawa.

"Ga tsohon mijina ya zo hannu rabbana. Ni na fasa auren."

"Dama na gaji da surutunki," ya ce, ya dafa kanta. "Ina uwarki?"

Auta ta fito da jariri a kafaɗa, ta durƙusa ta gaishe shi, tana mamakin zuwan da ba a yi kira ba. Tun daga bakin ƙofa abin ya dake shi, turare mai zaƙi a sama, ƙarni a ƙasa, kamar an yi wa gyambo kwalliya. Ya wuce kai tsaye lungun.

Abin da ya fara gani tukunyar gas ce, a tsaye daidai ƙarƙashin akwatin wuta. Kicin ɗin ya yi musu kaɗan, sai aka huda bango aka zura tiyo zuwa murhu. Bakin tiyon kuma da robar tayar keke aka ɗaure shi. Ya kai bayan hannunsa jikin bango. Da ɗumi, irin na goshin mai zazzaɓi. A ɗaya gefen bangon nan gadon yara yake. Ya buɗe akwatin. Farin tangaran ya koma ruwan ƙasa, gefensa ya fashe, ta wurin fashewar kuwa ga ta nan kwance, ƙusa mai inci uku, irin ta kafinta.

Tsakin da ya ja sai da jaririn ya juyo.

"Kawo min ruwan sabulu a kofi."

Ta kawo. Ya shafa kumfar a bakin tiyo. Nan take ta fara kumbura tana fashewa, kamar maƙogwaron kwaɗo.

"Wa ya ɗaura wannan?"

"Baban su ne. Ai ya gwada, Baba. Ya kara ashana, bai kama ba."

Baba Tasta ya dube ta. 'Yar cikinsa, wadda ta tashi tana ganin yana kwance fulogi kafin ya goge shi. Ya fita tsakar gida ya tofar da yawu a bakin magudana, ya daɗe a sunkuye.

Yana nan Mai Ƙanƙara ya shigo yana tura baro, rigarsa jiƙe. Ya saki baron ya durƙusa har ƙasa. Da aka gama gaisuwa tsoho ya ja shi lungun ya nuna masa.

"Wa ya sa?"

"Wani ne, Baba." Ya sosa ƙeya. "Yanzu-Yanzu ne. Wallahi ba raini ba ne, gani na yi muna wahalar da kai. Kuma tun da aka sa ba ta ƙara ɗaukewa ba, wata biyu cur."

"Taɓa bangon nan."

Ya taɓa da kan yatsa. "Ai rana ce ke dukansa."

"Bangon tsakiyar gida, rana ta ina take shigowa?"

Suruki ya yi dariyar yaƙe. "Baba, a yi min haƙuri zuwa ƙarshen wata. Zafin nan shi ne kasuwarmu. Masu lemo da masu kifi duk ni suke jira. Da ruwa ya sauka, ni da ƙafata zan zo in ɗauko ka."

Magana ce ta ladabi, amma a'a ce. Kuma gidan wani ne. Baba Tasta ya yi abin da za a bar shi ya yi: ya rufe kan gas, ya cire robar tayar ya sa ɗan zoben ƙarfe mai noti, ya kinkimi tukunyar ya kai ta inuwa a can ƙarshen tsakar gida. Ya ce wa Auta kada yara su shiga ɗakin nan. Sannan ya nufi ofishin kamfanin wuta. Tunaninsa shi ne, in ma'aikata suka zo da motarsu da tsaninsu suka yi magana, suruki zai ji, ba tare da an ɓata zumunci ba.

Ya yi fiye da awa a kan benci. Fankar ofishin ba ta juyawa. A jikin bangon da ke gabansa wani ya tura tsirarar waya a soket ya danne da tsinken ashana, wayoyin hannu uku na caji a kai. Ya kawar da kai. Da layi ya zo kansa, wata ma'aikaciya ce a bayan gilashi tana ɓare gyaɗa. Ya yi mata bayani a hankali, tun daga firiza har ƙusa.

"Mitar tana tafiya?"

"Gudu ma take yi."

"An zagaye ta?"

"Ba a zagaye ba."

"To ai ba matsala, Baba. Daga falwaya zuwa mita namu ne. Daga mita zuwa ciki naku ne. Ku nemi mai gyaran wuta."

"Ni ne mai gyaran wutar."

"To sai ka gyara mana," ta ce, ta hure ɓawon gyaɗa daga tafin hannunta. "Na baya."

Ya fito rana na dukan tsakiyar kansa. Da farko hanyar gida ya kama. Ya yi duk abin da ya dace, ya faɗa, ya kai ƙara, ba wanda zai ce bai yi ba. Sai jakar ta bugi ƙugunsa, gwangwanin da ke ƙasa ya yi ƙara. Ya tsaya a bakin titi har wani mai babur ya zage shi. Sannan ya juya.

Da ya shiga gidan, tukunyar gas ta koma mazauninta a ƙarƙashin akwatin. Tiyon ba ya kaiwa daga nesa, ga girkin rana, sai maigidan ya mayar da ita. Ya leƙa ɗakin yara. Tsuntsuwa da jaririn suna barci a kan gado, ƙafarta tana taɓa bangon.

"Nan ne kawai fanka ke kaiwa, Baba," in ji Auta, muryarta ƙasa-ƙasa. "Na ɗan lokaci ne."

Ya je rumfa ya kashe firizojin ɗaya bayan ɗaya, gurnanin ya mutu, gidan ya yi tsit. Ya dawo ya sauke babban makunni. Ya naɗe hannunsa da tsumma ya fizgo fis ɗin, ya zare ƙusar da filaya ya jefa ta a kofin ruwan sabulun ɗazu. Ta yi cuu, hayaƙi ya tashi. Ya sa tangaran ɗin a aljihu kusa da tasta.

"Ba ni kujera."

Shekara tara Auta na gidan nan, bai taɓa zaman da ya wuce na gaisuwa ba. Yau ya kafa kujera a ƙarƙashin akwatin wuta, ya ɗora jaka a cinya.

Shirun firiza ne ya fito da Mai Ƙanƙara daga ɗaki. Ya dubi rumfa, ya dubi tsoho. Wannan karon bai durƙusa ba.

"Baba, buhu goma sha biyu ne a ciki, ko rabin daskarewa ba su yi ba."

"Na sani."

"Baba, da girmanka. Amma nan gidana ne."

"Gidanka ne. Wayar da ke cikin bangon kuma ni na sa ta, da hannun nan. Ba za ta ci jikokina ba."

Suruki ya fita waje da waya a kunne. Ba a yi minti ashirin ba sai ga Yanzu-Yanzu, mutum mai tumbi da filaya a aljihun baya, tun daga ƙofa yana cewa yanzu-yanzu za a gyara. Da ya ga wanda ke kan kujera sai ya rage sauri.

"A'a, babanmu ne da kansa. Sannu da hutawa. Baba, ai zamani ya canza, wayoyin yanzu ƙarfi gare su."

"Wayar tawa ce. Shekararta tara."

"To ai shi ke nan, aikin manya ba ya lalacewa." Ya yi dariya yana duban Mai Ƙanƙara. "Ni gida nawa na sa wa ƙusa a garin nan? Ko ɗaya bai kama ba."

"Tukuna," in ji Baba Tasta.

"Ɗan matsa min kaɗan, Baba, in haɗa ta kai tsaye. Ba sai da tangaran ɗin ba."

Tsoho bai matsa ba. Ya buɗe jaka ya ciro guduma da ɗan ƙarfen fasa bango, ya miƙe, ya shafa bangon har ya sami inda ya fi ɗumi, kamu biyu sama da kan gadon yara ta ɗaya gefen. Ya fara sara. Siminti na zuba a kan takalminsa, ba wanda ya hana shi. A sara na shida ƙarfen ya faɗa cikin rami, sai ƙarnin ya fito gaba ɗaya, wanda ya yi wata biyu yana taruwa. Auta ta toshe baki da gefen zani ta yi waje da gudu, ana jin kakarin amanta a bakin magudana.

Bututun robar da wayar ke ciki ya narke ya manne da bulo. Ya sa filaya ya jawo wayar a hankali. Robar jikinta ta koma kamar cingam ɗin da aka tauna aka tofar a kwalta, baƙa, tana danƙo. A wuri biyu tagullar a tsirara take. Tsakanin jar wayar da baƙar bai fi kaurin farce ya rage ba.

Yanzu-Yanzu ya leƙa, ya ja baya yana shafa tumbi. Sai ya tuna ya bar rumfarsa a buɗe. Yanzu-yanzu zai dawo, in ji shi. Bai dawo ba.

Mai Ƙanƙara ya daɗe yana kallon wayar. Sannan ya dubi rumfa, inda ruwa ya fara ɗiga daga gindin firiza.

"Amma dai, Baba," ya ce, "ai bai kama ba."

Baba Tasta ya kafa masa ido. A duk shekarunsa, da gasassun kyankyasai da busasshen ɓera, bai taɓa jin ƙyamar abu kamar waɗannan kalmomi ba. Ya zauna, ya tura hannu can ƙasan jaka, ya ciro gwangwanin. Auta ta dawo tana goge baki, ta ɗauko jaririn daga ɗaki, ta tsaya a bakin lungu. Ya buɗe murfin da ƙyar, don ya yi tsatsa, ya zazzage guntun tagullar a tafin hannunsa, daidai kan tabon.

"Akwai wani tela a da, a layin 'yan yadi. Ba ku san shi ba, ba a haife ku ba. Shagonsa ya ƙone, aka ce shi ya bar dutsen guga. Ya bar garin nan da sunan mai sakaci, ban san inda ya mutu ba." Ya juya tagullar da yatsa. "Ba dutsen guga ba ne. Wannan ce. Ni na sa masa. A kwana na goma na wuce ta ƙofarsa, ya ɗaga min hannu yana cewa Allah ya yi min albarka, wuta ba ta ƙara ɗaukewa ba."

Auta tana kallon hannun babanta. Tun tana ƙarama aka ce mata tafasasshen ruwa ne ya ƙona shi.

Ita ce ta fara motsawa. Ta miƙa wa mijinta jaririn, ta je rumfa ta zare soket ɗin nan mai baki huɗu daga bango, ta naɗe wayarsa a hannu, ta kawo ta ajiye a cikin jakar babanta.

"Baban su," ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba, "in aka jona firizar nan kafin Baba ya gama, ni da yara a gidanmu za mu kwana."

Kwana uku ruwan ƙanƙara yana bin magudana yana fita titi, yaran maƙwabta na wasa a ciki. Kwana uku Baba Tasta yana zuwa da safe, ya fasa, ya ja sabuwar waya, ya shafe. Ya ja wa firizojin layinsu daban mai kauri da nasu fis. Ya sa aka sayo dogon tiyo, tukunyar gas ta koma waje a inuwa cikin ɗan kejin ƙarfe. Mai Ƙanƙara ya kawo duk abin da aka ce ya kawo, bai yi musu ba, bai kuma yi godiya ba. Har yau yana durƙusawa in sun haɗu, sai dai gaisuwar ta gajarce, gwiwa ba ta kai ƙasa. A kasuwa yana gaya wa mutane tsoho ya narkar masa da kakar bana saboda gidan da bai kama ba. Mutanen layin suka ce ai tsufa ne, rigima ke zuwa da shi. Aiki bai dawo wa Baba Tasta ba. Rumfar Yanzu-Yanzu tana nan a bakin titi, an ma yi mata sabon fenti.

Tsohuwa a bakin Auta ta ji labarin tela. Ta yi kwana biyu ba ta tayar da zancen ba. A na uku, tana miƙa masa shayi, ta ce, "Shekara arba'in kana yawo da wannan abu a jaka, ni ina ɗauka man kaushi ne." Ta zauna kusa da shi fiye da yadda ta saba. Gwangwanin ya ƙara nauyi, don ƙusar ma a ciki ya sa ta.

Bayan kamar wata guda, da hantsi, wayarsa ta yi ƙara. Auta ce, tana magana kamar mai laifi, ana jin Tsuntsuwa a bayanta tana cewa a gaya wa tsohon mijinta fanka ta tsaya.

"Baba, fis ya tsinke. Ni ce na haɗa hita da dutsen guga a lokaci ɗaya."

"Madalla," ya ce. "Cire ɗaya. Ga ni nan."

Ya taɓa aljihu ya ji tasta na nan, ya jawo takalminsa.